Zaɓen 1959: Yadda Mai Ƙuri'a Miliyan Biyu Ya Sha Gaban Mai Miliyan Biyu Da Rabi

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara, da kuma masu cewa su sun fi gane karatu.

Abin da ya jawo hirar yau shi ne wata muhawara da ke tashi tana kwanciya a tsakaninmu tun watan Fabrairun 2024, lokacin da wasu 'yan Majalisar Wakilai kusan 60 suka gabatar da ƙudurin a mayar da Najeriya tsarin firaminista. Hujjarsu ita ce tsarin da muke kai yana cin kuɗi, kuma ya tara iko da yawa a hannun mutum ɗaya. Na ga matasa da dama sun yi na'am da maganar, wasu har da cewa ai shi ne maganin komai. To amma da na fara tambayar mutane, sai na tarar da yawa ba su ma san cewa mun taɓa yin wannan tsarin ba. Mun yi shi fa. Da shi muka karɓi 'yancin kai, kuma a kansa sojoji suka same mu a watan Janairun 1966. Saboda haka na ce bari mu koma mu duba zaɓen da ya kafa wancan tsarin, wato na ranar 12 ga Disamba, 1959, mu ga yadda aka raba kujeru, da wanda ya samu me, da kuma dalili.

Bari in fara da bayanin tsarin kansa a taƙaice, don kada mu yi ta tafiya a duhu.

A tsarin firaminista, kai mai zaɓe ba ka zaɓen shugaban gwamnati da hannunka. Babu wata takarda mai sunan Tafawa Ɓalewa ko Awolowo ko Azikiwe da za a ba duk 'yan ƙasa su dangwala. Abin da kake zaɓe kawai shi ne wakilin mazaɓarka. Idan wakilan nan sun hallara a majalisa, duk wanda ya fi samun goyon bayan mafi yawansu, shi ake kira ya kafa gwamnati. Shi kansa ɗan majalisa ne, ministocinsa ma daga majalisa suke fitowa. Ranar da mafi yawan 'yan majalisa suka juya masa baya kuwa, ranar ya sauka, ba sai an jira shekara huɗu ba. Wannan shi ne abin da muka gada daga Ingila.

Akwai kuma abu na biyu da muka gada, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, amma shi ne ƙashin bayan labarinmu na yau. A kowace mazaɓa mutum ɗaya ne ke cin zaɓe, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a ne, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi. Ba a cewa sai ya samu rabi. Misali mutum uku sun tsaya, na farko ya samu 4,000, na biyu 3,900, na uku 3,000. Na farko ya tafi majalisa. Mutum 6,900 da ba su zaɓe shi ba, ƙuri'arsu ta bi ruwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin 1959 ba haka ake zaɓe a Arewa ba. Zaɓe ne mai hawa-hawa. Masu biyan haraji su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai, waɗannan su je matakin gunduma su fitar da wasu, a haka a haka har a kai matakin lardi, inda 'yan tsirarun da suka rage za su zaɓi waɗanda za su tafi majalisa. A zaɓen 1951 ma an ba En'e damar ta cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Shi ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi abin a zo a gani a matakin farko a cikin birnin Kano, amma da aka gama tankaɗe da rairaya ko kujera ɗaya ba ta tsira da ita ba. To zaɓen 1959 shi ne karo na farko da aka ce kowa ya je da ƙafarsa ya zaɓi wakilinsa kai tsaye, a asirce, a duk faɗin ƙasar.

Na ce "kowa", amma akwai gyara. A Gabas da Yamma da Legas, duk wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. A Arewa maza ne kawai. Shugabannin NPC sun tsaya kai da fata cewa lokaci bai yi ba, Turawa kuma suka ƙyale su. Hajiya Gambo Sawaba da matan NEPU sun sha ɗauri da duka a kan wannan magana da makamantanta. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai 1979. Kakata ta wajen uwa tana da 'ya'ya har da jikoki ranar da ta fara shiga layin zaɓe, kuma har ta rasu tana ba da labarin ranar kamar labarin biki.

To yanzu rabon kujeru. Majalisar Wakilai ta ƙunshi kujeru 312. Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. An yi wannan rabo ne bisa ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba Arewa mutum kusan miliyan 17 daga cikin miliyan 30 da ɗoriya, aka yanka mazaɓu yadda kowace za ta ɗauki mutum wajen dubu ɗari. Don a samu rinjaye ana buƙatar kujera 157. Kun ga ke nan, jam'iyyar da ta iya share Arewa za ta iya mulkin Najeriya ba tare da ta samu ƙuri'a ko ɗaya a Kudu ba. Amma jam'iyyar da ta cinye Gabas da Yamma da Legas gaba ɗaya, 138 kawai za ta tashi da su. Dole sai ta shigo Arewa ta yi farauta.

Wannan rabon ma yana da nasa tarihin. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka ce ko a ba su rabin kujerun majalisar tsakiya ko kuma kowa ya kama gabansa. Aka ba su rabi. A 1954 ma rabin ne, 92 daga cikin 184. Sai a 1959 aka koma kan yawan jama'a zalla, rabin ya zama fiye da rabi.

Ga kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. An ƙirga matan Arewa wajen raba kujeru, amma ba a ba su ƙuri'a ba. Wato yawansu ya ƙara wa Arewa kujeru, amma mazansu ne suka zaɓi waɗanda za su hau kujerun. Sakamakon haka, Arewa ta jefa ƙasa da rabin ƙuri'un da aka jefa a ƙasar, amma tana riƙe da kusan kashi 56 cikin ɗari na majalisa. 'Yan Kudu sun yi ta ƙorafi a kan wannan. Amsar da 'yan Arewa ke bayarwa ita ce wakili yana wakiltar jama'a ne, har da yara da tsofaffi da waɗanda ba su fito zaɓe ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ni dai a ganina ba ta wanke hana mata ƙuri'a ba.

Manyan jam'iyyu uku ne suka shiga fage. NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, alamarta fartanya, kirarinta Salama. NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe mai alamar zakara, wadda ke ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano mai tauraro, masu cewa Sawaba. Sai Action Group ta Cif Obafemi Awolowo, mai alamar bishiyar kwakwar manja. Azikiwe da Awolowo duk sun ajiye kujerar Firimiya a yankunansu suka nemi ta tarayya, kowa yana hangen zama firaminista. Sardauna shi bai motsa daga Kaduna ba. Ya bar wa mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda dama tun 1957 yake riƙe da muƙamin firaminista. Wannan ma wani abin mamaki ne ga wanda ya san tsarin Ingila, domin a can shugaban jam'iyya shi ne firaminista. A nan kuwa shugaban jam'iyya yana Kaduna, firaminista yana Legas.

Awolowo ya yi lissafin da na faɗa muku ɗazu, ya san sai da Arewa. Saboda haka ya shigo da ƙarfinsa. Ya zo da jirgi mai saukar ungulu yana sauka a garuruwan da ko mota da ƙyar take zuwa, har da jirgin da ke rubutu da hayaƙi a sararin sama. Ya yi alkawarin ilimi kyauta, ya kuma yi wa ƙananan ƙabilu alkawarin ƙirƙiro musu jihohinsu. Ya ƙulla ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka a ƙasar Tibi da Filato, da Ibrahim Imam a Borno, da mutanen Talaka Parapo a Ilori. Wannan ya tilasta wa Sardauna da manyan NPC fita yawon neman ƙuri'a ƙauye-ƙauye, abin da ba su saba ba. Masana tarihi da dama na ganin NPC ba ta taɓa yafe wa Awolowo wannan kutsen ba.

Ita kuwa NPC ba ta buƙatar jirgi. Tana da abin da ya fi jirgi, wato En'e. Hakimi, dagaci, mai unguwa, 'yan doka, kotun alƙali, gidan yari, mai karɓar haraji, duk a ƙarƙashin En'e suke, kuma yawancin 'yan takarar NPC ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. Idan ɗan NEPU zai yi taro sai ya nemi izini daga wajen mutanen da yake hamayya da su. Kalma ɗaya a kan mumbari tana iya zama "zagin sarki" a gaban alƙali. Wannan ba ƙage ba ne, an rubuta shi, kuma akwai gidaje a Kano da Zariya da Katsina da har yau ke tuna wanda aka ɗaure musu. Amma kuma kada mu yaudari kanmu mu ce tsoro ne kaɗai. Mutane da yawa sun zaɓi NPC da zuciya ɗaya, domin suna ganin ita ce za ta kare Arewa daga mamayar 'yan Kudu da suka yi mata nisa a ilimin boko da aikin gwamnati. Kuma kada a ɗauka a Arewa kawai ake haka. Jam'iyya mai mulki a Yamma da ta Gabas su ma sun san yadda ake matse ɗan hamayya da haraji da kotun gargajiya.

Yadda ake jefa ƙuri'ar ma ya bambanta da na yanzu, kuma yana da ban sha'awa. Ba a dangwala yatsa a gaban alamar jam'iyya. Kowane ɗan takara akwatinsa daban, an manna masa alamarsa, an jera akwatunan a wani ɗaki ko bayan labule. A ba ka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa a akwatin fartanya ko na tauraro ko na zakara. An yi haka ne saboda yawancin mutane ba sa karatun boko. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da ƙofa. Tunda ba mai ganinka, kana iya soke takardar a aljihu ka fito da ita ka sayar, wani ya tara su ya shiga ya zuba gaba ɗaya. A zaɓukan da suka biyo baya, musamman a Yamma, wannan ƙofar ta zama babbar hanya.

Mutum wajen miliyan 9 suka yi rajista, sama da miliyan 7 suka fito. Kusan kashi 80 cikin ɗari ke nan. Ku gwada da zaɓen shugaban ƙasa na 2023 da ko kashi 30 ba a kai ba.

Ga sakamako. NPC ta samu kujera 134, dukkansu a Arewa. Ƙawancen NCNC da NEPU ya samu 89: 58 a Gabas, 21 a Yamma, 2 a Legas, sai 8 a Arewa, waɗanda su ne na NEPU. Action Group da ƙawayenta 73: 33 a Yamma, 25 a Arewa, 14 a Gabas, 1 a Legas. Ragowar 16 suka tafi ga ƙananan jam'iyyu da 'yan indifenda.

To yanzu ku saurari yawan ƙuri'u. NPC, mai kujera 134, ƙuri'arta wajen miliyan 2 ce. Action Group, mai kujera 73, ita ma wajen miliyan 2. NCNC da NEPU, masu kujera 89, sun haura miliyan biyu da rabi. Wato wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya zo na biyu a majalisa, da tazarar kujera 45. Idan ka raba, kowace kujerar NPC ta ci ƙuri'a wajen 15,000, ta NCNC da NEPU kuwa kusan ninkin haka.

Dalili na farko mun riga mun faɗe shi, mazaɓun Arewa maza kawai ke zaɓe, don haka ƙuri'un da ake buƙata a ci kujera ba su kai na Kudu ba. Dalili na biyu shi ne wanda na ce ku riƙe, kuma an fi ganinsa a cikin Arewar kanta. A nan nake so mu ɗan daɗe.

A Arewa, NPC ta samu kusan kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta kwashe kashi 77 na kujeru. NEPU ta samu ƙuri'a sama da dubu ɗari biyar, wajen kashi 16. Action Group da ƙawayenta suka samu wajen kashi 17. Ka ga ke nan ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Amma Action Group ta tashi da kujera 25, NEPU 8. Me ya sa? Saboda ƙuri'un Action Group a dunƙule suke. Suna ƙasar Tibi, suna Filato, suna kudancin Zariya da wasu sassan Adamawa, wuraren da mutane ke adawa da mulkin sarakuna kuma su ne mafi rinjaye a mazaɓunsu. Su kuwa 'yan NEPU a warwatse suke cikin ƙasar Hausa. Kowane gari akwai su, teloli, 'yan koli, mahauta, malaman zaure, 'yan kasuwa, amma a yawancin mazaɓu na biyu suke zuwa. Kuma a wannan tsarin na biyu da na ƙarshe duk ɗaya ne, ba mai samun komai. Kowace kujerar NEPU sai da ta ci ƙuri'a sama da 60,000, ninki huɗu na abin da NPC ta biya.

Da a ce an raba kujerun Arewa daidai da kason ƙuri'u, da NEPU ta samu wajen 28, NPC kuma ta tsaya a wajen 106. Ku yi tunanin Malam Aminu Kano ya shiga majalisar Legas da mutum 28 a bayansa maimakon 8. Ba na cewa da tarihi ya canza gaba ɗaya, wannan sanin gaibu ne. Amma maganar da ake yi a Kudu har gobe, cewa Arewa duk murya ɗaya ce, da ba ta samu gindin zama haka ba. Kusan mutum huɗu cikin kowane goma da suka jefa ƙuri'a a Arewa a 1959 ba NPC suka zaɓa ba. Tsarin zaɓen ne ya ɓoye su. Malam Aminu dai shi ya ci kujerarsa ta Kano ta Gabas.

Kada wani ya ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A Ingilar da muka kwaikwaya, a zaɓen 1951 jam'iyyar Leba ta fi ta Churchill yawan ƙuri'u amma ta faɗi. A 2024 kuma Leba ɗin ta kwashe sama da kujera 400 daga cikin 650 da kusan kashi 34 kawai na ƙuri'u, yayin da jam'iyyar Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4 ta tashi da kujera 5. Halin tsarin ke nan. Shi ya sa ƙasashe irin su Afirka ta Kudu suka zaɓi a raba kujeru bisa kason da kowace jam'iyya ta samu.

Mu koma Legas. Babu jam'iyyar da ta kai 157. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa 89 da 73 sun ba da 162, wato idan Azikiwe da Awolowo suka haɗa kai za su iya kafa gwamnati su bar NPC a hamayya. An yi maganar kuwa. Awolowo ya nuna a shirye yake Azikiwe ya zama firaminista. Amma NCNC ta ƙi. Akwai tsohuwar gaba tun rikicin majalisar Yamma na 1951 zuwa 1952, inda Azikiwe ke ganin an yi masa fashin 'yan majalisa. 'Yan NCNC na Yamma kuma, waɗanda ke shan matsa a hannun gwamnatin Action Group, ba su ga ta inda za su zauna da ita a gwamnati ɗaya ba. Sannan akwai fargabar cewa idan Kudu ta haɗe ta ware Arewa, Arewa na iya cewa ta fasa zaman, ga shi saura wata goma a karɓi 'yanci. Shi kuma Gwamna-Janar Sa James Robertson bai ma jira an gama wannan ciniki ba. Tun kafin sakamako ya gama fitowa duka ya kira Tafawa Ɓalewa ya ce ya kafa gwamnati, abin da masu sukarsa ke kafa hujja da shi har yau cewa Turawa sun riga sun zaɓi wanda suke so.

Aka kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta NPC da NCNC. Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna-Janar a watan Nuwamban 1960, sannan shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka a 1963. Awolowo ya zama madugun 'yan hamayya. NEPU ita ce ta shiga tsaka mai wuya: ƙawarta ta auri kishiyarta. A Legas tana ɓangaren gwamnati, a Kano ana kama 'ya'yanta.

Abin da ya biyo baya shi ne sauya sheƙa. Tunda a wannan tsarin gwamnati a kan yawan kawuna take tsaye, kowane ɗan majalisa yana da farashi, kuma dokar lokacin ba ta ƙwace kujerar wanda ya tsallaka. 'Yan indifenda suka fara gangarowa NPC tun a makon farko. Cikin 'yan shekaru, da ƙarin waɗanda suka gudo daga Action Group, NPC ta samu rinjaye ita kaɗai, abin da masu zaɓe ba su ba ta ba a akwati. Daga nan NCNC ta zama abokiyar tafiyar da za a iya yi ba da ita ba.

A Yamma kuwa an ga ɗaya fuskar tsarin. A 1962 Awolowo ya ɓata da Firimiya Samuel Ladoke Akintola. 'Yan majalisar yankin 66 suka sa hannu a takarda cewa sun janye goyon baya, Gwamna ya sauke Akintola ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba, ya naɗa Alhaji Adegbenro. Ranar da majalisa ta zauna don tabbatar da sabon firimiya, aka yi ta jifa da kujeru har aka karya sandar majalisa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dokta Majekodunmi ya riƙe yankin, daga baya Akintola ya dawo kujerarsa. Kotun ƙoli ta Ingila, wadda a lokacin ita ce ta ƙarshe a gare mu, ta yanke cewa saukewar tana kan doka, sai majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin yankin ta ce gyaran ya fara aiki tun baya. A 1963 aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa. Duk mai cewa a tsarin firaminista sauke shugaba abu ne mai sauƙi, ya karanta wannan babin tukuna.

Tunda yawan jama'a shi ne kujeru, kujeru kuma su ne mulki, sai ƙidaya ta zama yaƙi. Aka soke ta 1962 saboda rigima. Ta 1963 ta ce mu miliyan 55.6 ne, Arewa na da kusan miliyan 30. Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ce bai yarda ba, ya je kotu bai yi nasara ba. Sabon rabo ya ba Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, sabon yankin Tsakiyar Yamma 14, Legas 4. Arewa dai tana nan da rinjayenta.

Zaɓen 30 ga Disamba, 1964 ba zan daɗe a kansa ba, domin ya cancanci shirinsa daban. NPC ta haɗu da sabuwar jam'iyyar Akintola, NNDP, suka zama NNA. NCNC da Action Group da NEPU da UMBC suka zama UPGA. A mazaɓu gommai a Arewa aka ce 'yan NPC sun wuce babu hamayya, 'yan UPGA kuma suka ce hana su miƙa takardun tsayawa aka yi. Suka ƙaurace wa zaɓen, a Gabas ko rumfa ba a buɗe ba. NPC ta kwashe 162 daga cikin kujerun Arewa 167, rinjaye ita kaɗai, Malam Aminu ma ya rasa tasa. Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta zauna ba a san mai ita ba, har sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani, shugabannin soja kuma suka nuna masa cewa daga firaminista suke karɓar umarni. Ranar 4 ga Janairu, 1965 ya sauko. Aka yi zaɓen cike gurbi a watan Maris, NNA ta ƙare da kujera 198. Sai zaɓen yankin Yamma na Oktoban 1965, wanda maguɗinsa ya sa aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. Wata uku bayan nan, ranar 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh da manyan hafsoshin soja.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 wannan tarihin suke kallo. Shi ya sa suka ce shugaban ƙasa kowa zai zaɓe shi kai tsaye, kuma bai isa ya ci da yankinsa kawai ba, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Suka kuma ce jam'iyya dole ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Wato tsarin da muke kuka da tsadarsa yau, an kawo shi ne a matsayin maganin ciwon 1959 da 1964.

Ni ra'ayina a kan ƙudurin 'yan majalisar nan, ba na ƙin sa. Akwai abin sha'awa a ce minista sai ya ci zaɓe a mazaɓarsa, kuma shugaba ya tsaya a zaure ana yi masa tambaya ido da ido. Amma har yanzu a maganganun da nake ji, hankali ya fi karkata kan sunan muƙamin, firaminista ko shugaban ƙasa, ba a kan yadda za a mayar da ƙuri'a ta zama kujera ba. Kujerun Majalisar Wakilai 360 da muke da su yanzu, da irin tsarin 1959 ake cin su, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe duka. Idan aka koma tsarin firaminista a haka, su waɗannan 360 ɗin ne za su zaɓa mana shugaba, kuma su ne waɗanda muke gani suna sauya sheƙa duk wata. Ni abin da zan so in gani a cikin ƙudurin shi ne amsar abu uku: da wace ƙidaya za a raba mazaɓu, me zai faru da wanda ya tsallaka da kujerar jam'iyyarsa, kuma ina ƙuri'ar wanda ya zo na biyu za ta tafi.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko daga zaɓen 1979, da shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku tsakanin Shagari da Awolowo, wadda ƙuri'un jihar Kano suka zama tsakiyarta. Wanda kuma yake da kaka ko kakan da ya jefa takarda a akwatin fartanya ko na tauraro, don Allah ya tambayo mana yadda ranar ta kasance a garinsu, ya turo mana. Sai mun haɗu.